Kafin Ka Sallami Akantanka, Karɓi Makullanka

Shekara bakwai akanta ɗaya ke riƙe da lissafin madaba'armu a Fagge, inda muke buga kalanda da katin biki da littafin rasit na makarantu. Mutumin kirki ne, sai dai aiki ya sha masa kai. Ranar da wata ma'aikata ta nemi takardar shaidar biyan haraji kafin ta ba mu kwangila, a ranar na gano wata huɗu ba a shigar da bayanan VAT ɗinmu ba, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka sayar. Kwangilar ta wuce mu, kuma abin ya yi mini ciwo, domin ma'aikata takwas ke cin abinci a wurin nan. Na sauya akanta, ga kuma hanyar da zan so ɗan'uwana ya bi.

Kada ka ta da maganar rabuwa sai makullai sun dawo hannunka. Shafinmu na TaxPro-Max, inda muke shigar da harajin tarayya a lokacin, da imel ɗin akantan da lambar wayarsa aka buɗe shi. Haka ma shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Duk saƙon da hukuma ta turo, wayarsa yake faɗawa, ni ina shago ban san wainar da ake toyawa ba. Ka zauna da shi gaban kwamfuta, a mayar da imel da lambar waya naka, ka sauya kalmar sirri da hannunka. Lambar TIN ɗinka kuma, wato lambarka ta mai biyan haraji, ka rubuta ta a inda kai kaɗai ke ajiya. Wannan haƙƙinka ne ko da ba ka da niyyar rabuwa da kowa.

Sai takardu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a adana bayanan lissafi na shekara shida, don haka na shekara shida za ka nema: bayanan ƙarshen shekara masu sa hannu, rasit ɗin haraji, jerin albashi, bashin da kake bi da wanda ake bin ka, da jerin injina da kuɗin da aka saye su. In a manhajar QuickBooks ko Excel yake aikin, fayil ɗin kansa za a zuba maka a filash, takardar da aka buga ba ta wadatar ba. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne shaidar kuɗin da ma'aikatu ke cirewa daga kwangila su biya hukuma da sunanka. Kuɗinka ne, ana rage shi daga harajin da za ka biya. Mun tarar da irin wannan shaida guda uku a ƙasan kwali, ba a taɓa amfani da su ba.

Lokacin sauyawa ma abin dubawa ne. VAT ana shigar da shi kafin 21 ga watan da ke biye, harajin albashi kafin 10 ga wata, mu a Kano wurin KIRS, hukumar tara haraji ta jiha. Kamfanin da ke rufe shekara a Disamba yana da har ƙarshen Yuni ya miƙa bayanan shekara. Shi ya sa na fi son Yuli: tsohon ya kammala shekararsa, sabon ya fara a kan fili. Watan da ke tsakani kuwa, a rubuta a takarda wa zai shigar da shi. A nan ake faɗawa rami, kowa yana zaton ɗayan ya yi, tara kuma kai za ta hau.

Wajen zaɓen sabo, ka tambaye shi lambarsa ta ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, kada kunya ta hana ka. Ka tambayi wanda zai riƙa zuwa shagonka, shi ne ko yaron ofis. Kuɗin aiki da abin da ya ƙunsa su shiga takarda. Kuɗin haraji kuwa kada ya bi ta asusun kowa. Shi ya fitar da lambar biya, kai ka biya ta banki ka riƙe rasit.

A ƙa'idar sana'arsu, sabon zai rubuta wa tsohon wasiƙa ya tambaya ko akwai abin da zai hana shi karɓar aikin. Kafin wasiƙar ta isa, ni na je da kaina bayan la'asar, da cikon kuɗinsa na wata biyu a ambulan. Na ce, "Yallabai, godiya na zo yi, kuma na zo in faɗa maka da bakina, kada ka ji a wani wuri." Ya yi shiru, ya ce, "Ba komai, Alhaji, ni ma na san na gaza a bana." Ya tashi ya ɗauko kwali biyu ya kai mini har mota.

Bayan wata biyu sabon akantan ya kasa gane yadda aka lissafa kuɗin wani injin yanka takarda da muka saya gwanjo. Ya kira tsohon a gabana, bugu ɗaya ya ɗauka, ya gaya masa fayil ɗin da zai buɗe da layin da zai duba.