Saƙo ya shiga layi amma fankshin ya yi shiru: kurakuran da aka fi yi

Ka rubuta fankshin ɗinka na Azure Functions (ɗan shirin da ke tashi aiki da kansa idan wani abu ya faru), wanda ke jiran saƙo daga layin Azure Storage (queue, inda saƙonni ke jeruwa suna jiran a ɗauke su), ka buga `func start` a kwamfutarka, ka jefa saƙo, sai shiru. Kafin ka fara tone-tonen abin da ka rubuta, leƙa layin tukuna, don galibi a can matsalar take.

Na farko mai sauƙi ne: ba a kunna Azurite ba. Ita ce manhajar da ke kwaikwayon ma'ajiyar Azure a cikin kwamfutarka, kuma layukan saƙo suna sauraro a ƙofa (port) ta 10001. Ka tabbata a fayil ɗin `local.settings.json` an sa wa `AzureWebJobsStorage` darajar `UseDevelopmentStorage=true`. A wurin `Connection` na fankshin kuma sunan wannan saitin ake rubutawa, ba dogon adireshin haɗin ba. Sunan layi da ƙananan baƙaƙe, haruffa 3 zuwa 63.

Wanda ya fi cin lokacin mutane shi ne batun Base64, wato wata hanyar naɗe bayanai cikin haruffa da lambobi. Fankshin, in ba a sauya masa saiti ba, yana sa ran saƙon ya zo a naɗe da Base64. Ita kuwa manhajar aika saƙo ta .NET, sigar 12, tura shi take yi tsirara. To sai fankshin ya ɗauka, ya kasa warwarewa, ya sake ɗauka, har sau 5, daga nan a kwashe saƙon a kai wani layi mai irin sunan naka da `-poison` a ƙarshe. Kai kana kallon layinka wayam, kana zaton an yi aiki, alhali saƙon yana kwance a maƙwabta. Buɗe Azure Storage Explorer, manhajar leƙa abin da ke cikin ma'ajiyar, ka duba can. Gyaran biyu ne: ko mai aikawa ya naɗe saƙon, ko ka sa `messageEncoding` ya zama `none` a `host.json`, in ƙarin manhajar (extension) da ke haɗa fankshin da layi siga ta 5 ce ko sama. Ni na fi son gyara mai aikawa, don kada saitin gwaji ya bambanta da na aiki.

Akwai kuma wanda nake roƙonka ka guje masa: haɗa kwamfutarka da layin gaske da ke kan gajimare. Fankshin ɗin da ka riga ka ɗora can ma yana sauraron layin, sai ku riƙa wawar saƙo. Wani ya faɗo hannunka, wani ya tafi can. Mafi muni, kana iya cinye saƙon abokan ciniki da shirin da bai gama nuna ba.

Wasu kan tura buƙata kai tsaye zuwa `localhost:7071/admin/functions/` haɗe da sunan fankshin. Hanya ce mai kyau ta gwada aikin cikinsa da sauri, amma ta tsallake layin gaba ɗaya, ba za ta nuna maka matsalar Base64 ko maimaituwar saƙo ba. Don haka jefa saƙo ɗaya sau biyu ta Azurite, ka ga ko shirinka zai rubuta abu ɗaya, misali odar abokin ciniki, sau biyu a rumbun bayanai.