Ruwan shan yaranmu 'yan makaranta

Assalamu alaikum iyaye mata. Bazara ta shigo, don Allah mu sa ido a kan ruwan da yaranmu ke sha.

Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce yaro mai shekara 4 zuwa 8 yana buƙatar kamar lita 1.6 a rana, mai shekara 9 zuwa 13 kuwa wajen lita 2, har da ruwan da ke cikin abinci. Ledar fiya wata guda rabin lita ce, sai ki auna. Kuma su can ba su da rana irin ta Kano ko Sakkwato a watan Afrilu.

Ni yadda nake yi: kofi guda kafin su fita, gora cike a jaka, in sun dawo na duba abin da ya rage. 'Yata kullum gorarta a cike take dawowa, ga ciwon kai. Da na lallaɓa ta, ashe banɗakin makarantar take gudu saboda ƙazanta, shi ya sa take ƙin sha. Abin ya dame ni ƙwarai, sai da muka kai maganar taron iyaye da malamai. Ki tambayi naki, musamman mata.

Ki kuma lura da fitsari: in ya yi duhu, ruwa bai ishe shi ba.

Lemon kwalba kuwa, na 35cl yana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara. Gara ki haɗa zoɓo ko kunun aya a gida, ki rage sukarin da hannunki, amma kunun aya kada ya wuni cikin zafi, yana saurin lalacewa.