Furobayotik da cutar soriyasis: kurakuran da na gaji da gani

Shekara tara ke nan ina fama da soriyasis, cutar nan da ke sa fata ta yi kauri, ta yi ɓamɓaroki fari kamar an barbaɗa gari. Nawa a gwiwar hannu yake, da ƙeya, da gadon baya. Duk wanda abin ya same shi a unguwarmu, Tudun Wada, wurina ake turo shi, kuma kwanan nan tambaya ɗaya ce a bakin kowa: "Yaya, wai kafson furobayotik yana warkar da shi?" Furobayotik wasu ƙwayoyin halitta ne masu rai da ake sha don lafiyar hanji. Ba ya warkarwa. Yana iya taimakawa, shi ma sai an kauce wa abubuwan da zan faɗa.

Tun kafin a je ga kafso, mutane da yawa ba su san abin da ke jikinsu ba. A baƙar fata soriyasis ba ja yake fitowa ba kamar yadda ake gani a hotunan intanet, yakan yi duhu ko toka-toka, shi ya sa ake ce masa makero ko ƙirci. A je likitan fata ya duba, ko a nan Kaduna ko a asibitin koyarwa na Shika. Kuma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Garkuwar jiki ce ke rikicewa, sai fatar da ya kamata ta sabunta cikin kusan wata guda ta riƙa sabuntawa cikin kwana uku ko huɗu.

Babban kuskuren, wanda ya kusa kwantar da ni, shi ne ajiye maganin likita saboda an sayi kafso. Ni na yi. Na ga bidiyo a Facebook ana cewa tushen cutar a hanji yake, gyara hanji ka huta. Ana cikin hunturu na tura man shafawar da likita ya rubuta mini ƙarƙashin gado, na kama haɗiyar kafso safe da yamma. Sati uku ba a yi ba gwiwar hannuna ta tsattsage, in na miƙe hannu zan ɗaura alwala sai jini. Da safe Inna kan kakkaɓe zanin gadona ta share saɓar fata da tsintsiya, ba ta cewa komai, sai dai ta dube ni. Da na koma asibiti, likitar ta ce, "Malam, wa ya ce ka daina?" Na rasa bakin magana.

Abin haushin, binciken da masu talla ke kafa hujja da shi bai ce a daina magani ba. Wanda aka fi ambata an yi shi ne a Sifen, aka wallafa a 2019, a kan mutum 90 na tsawon sati 12. Kusan kashi 67 cikin ɗari na waɗanda suka sha furobayotik sun samu sauƙi sosai, a ɓangaren da aka ba kafson da ba furobayotik a ciki kuwa kusan kashi 42. Amma duka ɓangarorin biyu suna shafa maganinsu a lokacin. Wannan ne masu bidiyo ke haɗiyewa. Kafson ɗan rakiya ne, kuma mutum 90 ba su isa a ce an gama magana ba.

Na biyu kuma, sayen gawa. Furobayotik ƙwayoyin halitta ne masu rai, irin su Lactobacillus da Bifidobacterium, amfaninsu kuwa sai sun isa hanji da ransu. Zafi yana kashe su. To ka dubi shagon kemis mai rufin kwano a watan Afrilu, kwalba tana kan kanta kusa da taga, wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba. Wasu nau'o'in a jikin kwalbar an rubuta a ajiye a firji, mai shagon bai ma karanta ba. Na taɓa tambayar wani, ya ce, "Alhaji, ai magani ba ya lalacewa sai ranarsa ta wuce." Haba! Kuɗina na mayar aljihu. Yanzu ba na saye sai wanda aka rubuta yana jure zafin ɗaki, da lambar NAFDAC, da cikakken sunan ƙwayar. In an rubuta "ƙwayoyi masu amfani biliyan kaza" ba suna, ba ni ba shi. A gida kuma kusa da randa nake ajiyewa, wannan dabarata ce kawai.

Sauran ƙanana ne. Kada ka haɗiye shi lokaci ɗaya da maganin kashe bakteriya, bar awa biyu a tsakani. Kada ka sha na kwana goma ka ce bai yi ba, ni wata uku nake ba shi, ina ɗaukar hoton wurin da waya duk Juma'a, in ban ga canji ba in daina ɓarnar kuɗi. Ɗan kumburin ciki a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Wanda ke shan methotrexate ko wani maganin da ke rage garkuwar jiki, ya tambayi likitansa tukuna.

Ku kuma masu shan kafso kuna zuƙar taba, kuna sayen prednisolone a kemis ba takardar likita, wallahi kanku kuke cuta. Wannan ƙwayar tana kwantar da fata nan take, ranar da aka yanke ta cutar kan dawo fiye da da, wani lokaci har da ƙuraje masu ruwa. Kulorokwin ma yana tayar wa wasu, don haka in zazzaɓi ya kama ka, faɗa wa mai ba da magani kana da soriyasis.

Akwai masu tambaya ta game da kindirmo. Ina sha da fura kusan kullum, wurin wata Bafulatana da na tabbatar tana tafasa madararta kafin ta kwana. Akwai ƙwayoyi masu rai a ciki, amma ba wanda ya ƙirga su, don haka a lissafin abinci nake sa shi. Yogot ɗin roba mai zaƙi kuwa, wani an sake dafa shi bayan ya yi tsami don ya daɗe a shago, sukari kawai kake saye.