Tarin da ya ƙi tafiya: hoton ƙirji da gwajin kaki a Legas

Ɗan'uwa, in ka sauka Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago, da wuya ka samu ɗaki kai kaɗai. Mutum shida, bakwai a ɗaki ɗaya, taga a rufe saboda sauro. A irin wannan wuri tarin tibi yake yaɗuwa, don ta iska yake bi. Mu kuwa duk tari sai mu ɗora wa danshin Legas da hayaƙin janareta.

In tari ya kai mako biyu, ga zufar dare, ga rama, ga zazzaɓi da yamma, ka bar kemis ka nufi asibitin gwamnati. Akwai asibitin Mainland a Yaba, akwai LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba, kusa da unguwar Hausawa, ga kuma babban asibitin Orile Agege.

Za a iya tura ka hoton ƙirji. Za ka cire riga da laya ko sarƙa, ka jingina ƙirji da allon na'urar, ka ja numfashi ka riƙe. Shi ke nan, ba zafi. Mace mai ciki ta faɗa kafin a ɗauka. Likita yakan fi duba saman huhu, inda tibi ya fi zama a jikin manya: farin tabo, wani lokaci har da rami.

Amma hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, kuma a nan mutanenmu suke ruɗewa. Nimoniya na iya kama da tibi a hoto. Tabon tsohon ciwon da ya warke ma yana fitowa. Saboda haka kada wani ya ɗaga hotonka a hasken rana ya sayar maka da ƙwayoyi. Dole a gwada kaki, wanda ya fito daga ƙirji, ba yawu ba. Na'urar GeneXpert tana gano ƙwayar cutar cikin kusan awa biyu, har ta nuna ko tana jin rifamfisin, ɗaya daga manyan magungunan tibi, kodayake layi yakan jinkirta sakamako. Za a kuma nemi yi maka gwajin HIV. Kowa ake yi wa, kada ranka ya ɓaci.

Gwajin kaki da magani kyauta ne a cibiyoyin DOTS, wato wuraren kula da masu tibi a asibitoci, hoto kuwa ka tambayi kuɗinsa tukuna. Maganin yawanci wata 6 ne, kuma zai mayar da fitsari ja-ja, kada ka tsorata. In tafiya gida ta kama, ka karɓi takardar canjin asibiti kafin ka hau mota. Abokan kwananka ma su je a duba su.