Yadda kwamitin manoma zai tsara ruwan ban-ruwa a gaɓar Nilu Azrak

Lissafin da iyayenmu suka bi a Maiurno da Sinja da ƙauyukan Jazira, a gaɓar kogin Nilu Azrak na Sudan, ya daina aiki yadda aka saba. A da kogi yakan cika a watan Agusta, ya janye a Oktoba, a bi bayansa a shuka jarfi, wato gonar gaɓa da ruwan ya janye ya bari. Yanzu damina na zuwa da gardama, ga kuma madatsar Nahda ta Habasha mai ɗaukar kubik mita biliyan 74, wadda aka fara cikawa a 2020. Tana rage tsananin ambaliya, tana riƙe laka, tana sakin ruwa da rani. Saboda haka kwamitin da bai auna ruwa ba, hasashe kawai yake yi.

A fara da ma'auni. A kafa sandar ƙarfe a bakin kogi da bakin tur'a (magudanar da ke kawo ruwan ban-ruwa), a yi mata zane da fenti kowane santimita 10. Mutum ɗaya ya riƙa karantawa kullum bayan Asuba, yana rubutawa a littafi guda. Kada a kafa ta a kan gaɓa mai zaizayewa, domin ruwan da aka cire wa laka ya fi cin gaɓa. Wurin ajiye famfo kuma a ɗaga shi sama da alamar ambaliyar 2020, wadda ta zarce ta 1946 da ta 1988 a Khartum.

Sai sanin yawan ruwan da ke gudana a Abu Ishirin, ƙaramar magudanar da ke ɗaukar ruwa daga tur'a zuwa gonaki. An tsara shi ne ya kai kubik mita kusan 5,000 cikin sa'o'i 12, faddan ɗaya (ma'aunin fili, ɗan fiye da eka ɗaya) kuma yana shan kamar 400 a kowane ban-ruwa. Nimra, wato jerin gonakin da Abu Ishirin ɗaya ke shayarwa, mai faddan 90 ke nan tana bukatar 36,000, wato kwana bakwai da ɗan ɗori, a zagayen kwana 14. In laka da ciyawa suka cinye kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, kwana bakwai sun koma kusan goma. Daga nan rigima ke tasowa: mai hawasha (gona) a kan magudanar ya sha ya ƙoshi, na wutsiya dawarsa ta yi yaushi, a zargi gafir, mai kula da buɗe ruwa, alhali laifin na tur'a ne.

Gwajin yawan ruwan Abu Ishirin ba wuya. A auna tsawon mita 10 a wuri miƙaƙƙe, a jefa kwalbar roba da aka cika rabi, a ƙirga daƙiƙun da ta yi. A raba 10 da daƙiƙun, a ninka da faɗin ruwan da matsakaicin zurfinsa a mita, sannan a ninka da 0.8, tunda ruwan sama ya fi na ƙasa gudu. Amsar da ake nema ita ce kusan 0.115, wato lita 115 a daƙiƙa. Kada a yi gwajin ana iska.

Yashe laka a yi shi kafin Yuli. Nahda ta rage ta, amma wadda ta taru shekara da shekaru tana nan, yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuma ya tsayar da gyara a wurare da yawa. Kuskuren masu injin haƙa shi ne zurfafa tur'a fiye da asalinta. Ruwa sai ya sauka ƙasa da bakin bututun Abu Ishirin, ana ganinsa amma ba ya shiga gona. Lakar da aka kwaso a kai ta nesa da gefe, in ba haka ba ruwan sama na farko zai mayar da ita.

Jadawalin rabo a rubuta shi, a karanta a masallaci ranar Juma'a, a fara shayarwa daga wutsiya zuwa kai. A amince tun kafin shuka cewa in ruwa ya gaza, kowa zai rage faddan daidai gwargwado. Littafin ma'aunin kuwa a kai kofinsa ga injiniyan ban-ruwa na yankin duk ƙarshen wata, a kuma nemi a riƙa sanar da kwamiti ta waya kafin a buɗe ƙofofin madatsun Rusairis da Sinnar.