Yadda Ake Gane Nau'o'in Gansakukar Buxbaumia

Yawancin gansakuka da ganyenta ake gane ta. Buxbaumia kuwa kusan ba ta da ganye. Abin da ido ke gani shi ne siririn tsinke da bai wuce santimita 1 ba, da ƙwanson iri a kansa mai kama da ƙwaro ya sauka a bisa. Ta samu sunanta daga Johann Christian Buxbaum, Bajamushe masanin tsirrai da ya tsinto ta kusa da Astrakhan, inda kogin Volga ke shiga teku a Rasha. Nau'o'inta a duniya kimanin 12 ne, amma biyu ne a Turai: Buxbaumia aphylla da Buxbaumia viridis. Su za mu rarrabe a nan.

Da farko ka tanadi gilashin ƙara girma mai ninki 10, da tocila, da haƙuri. Sai ka durƙusa, don a tsaye ba za ka ga komai ba. Haska tocilar ta gefe, ƙwanson zai yi inuwa ya fito fili.

Kafin ka yi nisa, tabbatar Buxbaumia ce. Akwai wata gansakuka, Diphyscium foliosum, da ke ruɗa masu koyo, don ƙwansonta ma a karkace yake. Sai dai nata a zaune yake cikin ganyaye, ba shi da tsinke. In ka ga ganye ya kewaye ƙwanso, ka wuce.

Mataki na biyu, duba abin da ta tsiro a kai. Viridis ta fi son ruɓaɓɓen gungume a daji mai laima da inuwa, musamman na itatuwan Picea da Abies masu ganye kamar allura, wanda ya ruɓe har yatsa na iya nutsewa a ciki. Aphylla ta fi zama a ƙasa mai tsami, gefen hanyar daji ko gangaren da ƙasa ta buɗe. Wannan alama ce kawai, ba hujja ba, don wani lokaci kowacce kan leƙa gidan 'yar'uwarta.

Na uku shi ne siffar ƙwanso, kuma nan ne aikin yake. Kalle shi ta gefe, sannan ta sama. Na aphylla samansa a baje yake kamar an danna shi da babban yatsa, kuma akwai gefe mai kaifi da ya raba sama da ƙasa. In ya nuna yakan zama ja-ja mai duhu, yana sheƙi. Na viridis ya fi tsawo da kumburi, ba shi da wannan kaifin, ba ya sheƙi sosai, kuma daga kore yake komawa ruwan ƙasa mai haske.

Kada sunan ya yaudare ka. Viridis a Latin na nufin kore, amma ɗanyen ƙwanson aphylla ma kore ne. A ganina launi shi ne mafi raunin shaida a wannan aiki. Ƙwanson kan fito da kaka, ya kwana cikin sanyin hunturu, ya nuna da bazara. Wanda ya gan shi ɗanye a watan Nuwamba, gara ya yi wa wurin alama ya dawo wajen Mayu, in dai dodon koɗi bai riga shi ba, don suna cinye ƙwanson su bar tsinke tsirara.

Na huɗu, duba fatar ƙwanson da ya nuna. A viridis siririyar fatar sama takan tsage bisa tsawo, ta ɗaye ta naɗe zuwa gefe. Aphylla ba ta yin haka. In ka ga wannan ɗayewar a Turai, magana ta ƙare. A yammacin Amurka ta Arewa kuwa akwai Buxbaumia piperi, wadda fatarta ke naɗewa daga bakin ƙwanso kawai, don haka ka lura da inda ɗayewar ta soma.

Mai maikiroskof yana da ƙarin hanya: ƙananan ƙofofin numfashi da ke wuyan ƙwanso. Na aphylla a nutse suke cikin fata, na viridis a sarari suke. Sai dai hakan na bukatar a tsinke ƙwanson, ita kuwa viridis dokar kare muhallin halittu ta Tarayyar Turai ta 1992 ta sa ta cikin tsirran da ake karewa. Ka ɗauki hoto ta gefe da ta sama, ka aje ruula kusa don a ga girma, ka rubuta rana da wuri da irin itacen, ka bar ta a gungumenta.