Yadda za ka kula da caki don na'urar banki ta karanta shi

Idan aka biya ka kuɗin wake ko gyaɗa da caki a kasuwar Maradi, fara duba layin lambobin da ke can ƙasan takardar, domin shi na'urar banki take karantawa. An buga shi da tawada mai garin ƙarfe a ciki; da zarar caki ya shiga na'ura sai ta sa wa tawadar ƙarfin maganaɗisu, sannan ta wuce da ita gaban wani kai mai karatu irin na rediyon kaset, kowace lamba ta ba da tata alamar.

Ka kusantar da takardar ga idonka. A cakin bankunan Nijar za ka ga kowace lamba an gina ta da sanduna bakwai sirara a tsaye, tazarar da ke tsakaninsu wata kunkuntar wata mai faɗi, kuma wannan tazara ce na'ura take aunawa. Sunan tsarin CMC-7, daga Faransa ya fito. Wanda ke ciniki da Katsina zai lura cewa lambobin cakin Najeriya masu kauri ne, don su tsarin E-13B suke bi, wanda bankunan Amurka suka amince da shi a 1958. Layin yana ɗauke da lambar caki, da ta banki da reshensa, da ta asusu.

Bayan haka, ka roƙi mai sa hannu kada alƙalaminsa ya sauko kan layin, hatimi ma a buga shi daga sama.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen ajiya, kuma abin yana damuna ƙwarai. Mutum zai ninke caki sau huɗu, ya cusa a aljihun riga tare da goro, ga gumin bazara, sandunan su kakkarce a bakin ninkin. Ka sa shi a ambulan a miƙe, kada ka huda ƙasansa, kada ka liƙa masa komai.

Da ka isa banki, miƙa shi yadda yake. Ma'aikaci zai zura shi a na'ura ta karanta layin ta kuma ɗauki hotonsa, a tura wa bankin wanda ya rubuta cakin ta SICA-UEMOA, tsarin musayar caki tsakanin bankuna na BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa. Idan layin ya lalace, dole a shigar da lambobin da hannu, ko a ce ka koma a rubuto maka wani.